Ranar da Aka Kai Ni Kano Zaɓen Burauza

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Tofa mu huɗu: ni, da jikata mai rubuta muku wannan daga bakina, da malamar ɗakin shan magani, da direba mai cin goro shi kaɗai. Jikata tana cikin matasan da ke haɗa manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara. Za a saka ta a kwamfutar ɗakin shan maganinmu don mata su riƙa neman bayani. Abin da ya rage shi ne burauza, wato ƙofar shiga intanet da mutum zai fara tararwa. Suna son wadda ba ta karatu ta gwada. Na yarda ne saboda wata maƙwabciyata da ta daɗe tana ɓoye ciwo.

Gero ya yi kai, gonaki manne da juna har bakin kwalta. Ramuka kuwa direba bai bar ko ɗaya ba. A tasha muka sayi ƙosai, ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba.

A Kano muka tarar da matasan a wani ɗaki a bene, burauza biyu a gabansu. Yawancinsu ta farko suke so, don sauri. Malama ta fara zama, ta nemi bayanin wani ciwon mata, ta rufe ta tashi. Da na zauna na danna inda aka nuna mini, sai ga hotunan da ta duba a jere. Ba na karatu, amma ina da ido.

Na ce, "Wannan me ya dawo da shi?"

Shugabansu ya ce, "Inna, tana tuna abin da aka duba ne, don sauƙi."

Na ce, "Ɗana, taka kwamfutar kai kaɗai ke taɓa ta. Tamu ɗaya ce ga gari duka. Wadda ta zo da safe, surukarta na tafe da la'asar."

Ya ce ai akwai wurin gogewa, an ma rubuta. Na dube shi kawai. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Ta biyun tana da nawa, har na gyara ɗankwali kafin ta buɗe, amma ana rufe ta sai ta manta komai. Suka ɗaga hannu, ita aka zaɓa. Ban ga laifinsu ba da suka so ta farko. Yaran kirki ne, ba wanda ke biyansu, sai dai ba su taɓa zama a bencin ɗakin shan maganin ƙauye ba. Suka ba mu shinkafa da wake, gishiri bai ji ba.

Kafin magariba muna gida. Abin da na koya, masu ilimin nan suna jin magana in an kai musu ita har inda suke.

Washegari, bayan na ba awaki dusa, na shiga gidan maƙwabciyata. Na ce ran da aka gama saka manhajar ta ɗauki mayafinta mu je ɗakin shan magani, malama za ta karanta mata, ni kuma zan zauna a bakin ƙofa.