Ranar da Na Yi Gadin Daddawa a Holan

Har yau idan na tuna yadda Alhaji, mijin yayata, ya bar ni gadin jakunkuna a filin jirgin Holan, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. An fi shekara ashirin, amma wallahi ban gama hucewa ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da ni da shi muke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro agoguna da tocila. Jirginmu daga Kano yakan sauke mu a Amsterdam, babban birnin Holan, mu yi jiran awa goma kafin mu hau na Hong Kong. A wannan tafiyar ni na sha layin biza, tawa da tasa, don kawai mu leƙa garin. An ce mini titunansu ruwa ne, mutum ya fito daga ƙofar gidansa ya faɗa kwalekwale. Ni da ban san Holan ba sai a bakin atamfa, wata guda na yi ina ɗoki.

Sai dai muna ɗauke da saƙon mutane: kilishi, daddawa, kuka da yaji, na 'yan'uwan da ke zaune a Sin. A ƙa'idarmu ta fatake, saƙon mutane ba a barinsa a hannun baƙo, ba a kuma kulle shi a akwatin haya a tafi yawo. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya fita, sannan a yi canji.

"Ƙanena, bari in fara," in ji Alhaji, yana rataya kyamara a wuya. "Awa uku na dawo, kai ma ka je ka yi ukunka."

"To Alhaji, a dawo lafiya."

Na zauna a kan benci da jakunkuna biyar. Awa uku ta wuce. Biyar ta wuce. Ko banɗaki ban iya zuwa ba sai da na ja kayan kaf har bakin ƙofa. Daddawa kuwa ta ji ɗumi ta fara aikinta, duk Baturen da ya zauna kusa da ni sai ya miƙe yana harara ta.

Sai da aka fara kiran jirginmu ya ɓullo, yana haki, da wani ɗan takalmin katako a hannu. Na zuba ido in ji ya ce in yi haƙuri. Ina! Kafaɗata ya dafa ya ce, "Kai, ka yi asara! Da ka ga gadojin nan!"

Har muka isa Guangzhou ina haɗiye abin.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallacin Huaisheng, muka zauna shagon taliya inda Hausawa ke haɗuwa. Nan Alhaji ya buɗe baki. Ya ce ya shiga jirgin ruwa mai rufin gilashi, ya bi ƙarƙashin gada ta fi ashirin, ya ga gidaje sirara suna jingine da juna, ya ga mai kwat da nekatai a kan keke. Alhaji mutum ne da ba abin da yake so kamar a ce ya ga duniya, kuma a shagon nan an san shi da ƙara gishiri.

Akwai wani ɗan zangon Gana mai aika mana kaya gida, bakinsa ba ya raga wa kowa. Ya ce, "Alhaji, mu dai hoto. In babu hoto, a benci ka kwana."

"Juma'a mai zuwa za ku gani," in ji Alhaji.

Da yake ni na san hanya, ni ya ba fim ɗin kyamarar in kai wanki a unguwar Liwan. Na tsaya a bakin titi da tsakar rana. Harshen fim ɗin yana waje. Na kama shi na ja, na ja, har ya ƙare, na ɗaga wa rana kamar mai shanyar rawani. Sai da na tabbatar ya sha haske sannan na naɗe shi na mayar. Daɗi ma na ji.

Da muka je karɓa tare, mai shagon ya ware fim baƙi ƙirin yana girgiza kai. "Meyo, laoban, meyo," wato babu, maigida. Alhaji ya zagi kyamara, ya zagi na'urar binciken filin jirgi, ni kuwa ina taya shi jimami.

Juma'a ta zo. Ɗan Gana ya miƙo hannu tun kafin mu zauna. Alhaji ya fara bayanin fim ya ƙone, shago ya ɗauki dariya. Har da wani ɗalibi ɗan Nijar da ya tambaye shi ko gadojin ma sun ƙone.

Alhaji ya juyo gare ni, goshinsa duk gumi. "Ƙanena, kai ne shaidata. Tare muka je Holan. Faɗa musu!"

Na ajiye kofin shayi.

"Alhaji, tsakani da Allah, me na gani da zan yi shaida a kai? Ni dai na san awa tara na yi a kan benci ina gadin daddawa."

Ya dube ni. Ina jin a nan ya gane komai, har da maganar fim. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Amma har muka daina zuwa Guangzhou, ban ƙara jin kalmar Amsterdam a bakinsa ba.