Yatsu Uku a Hanyar Fassi

Ɗan ƙanwata, yaron da na riƙe tun yana firamare har ya yi digiri da gumin facin taya, ya nuna ni da baki a gaban mutane ya ce, "Mai facina ne." A hanyar Fassi aka yi, Asabar ɗin da ta wuce. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma wannan tafiyar sai na faɗe ta.

Mun tashi da asuba daga Kano, mu biyu, a sabuwar motarsa. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi kwalta. Kansila yake so ya tsaya, za shi gaida manyan mazaɓa. Ni kuma shekara tara rabona da Fassi, tun da muka binne uwarsa. Na ce zan bi shi in ziyarci kabarinta. Har shaddar Sallah na saka.

Kwana biyu kafin nan ya kawo motar rumfata da wasu wili guda huɗu masu ƙyalli, girma inci goma sha takwas, da tayoyi masu faɗin bala'i. Da sha shida motar ta zo. Na ɗaura ɗaya, na sauke jak, na murɗa sitiyari har ƙarshe, na zura hannu tsakanin taya da fenda, wato bakin bodin da ya rufa mata. Shekara ashirin da shida da yatsu nake awo. In uku ba su shiga ba, ba na yarda. Biyu suka shiga da ƙyar, ga shi wilin ya turo waje, gefen tayar yana daidai kaifin ƙarfen. Na ce, "Ka tsaya a sha bakwai, ka rage faɗin taya. Wannan awon mota ba kowa a ciki ne. Motar da za ta gida ba ta tafiya wayam." Ya ce, "Kawu, a waya na gani, haka ake yayi. Kai dai ɗaura." Na ɗaura. Laifina ke nan, ban musa ba.

Daga Ƙarfi zuwa Bunkure hanya ta yi mana mutunci. Shinkafa ta nuna dama da hagu, ana ta yanka. Shi yana waya, wannan ranka ya daɗe, wancan mai girma. Ni ina sauraron baya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙiii, siriri, kamar ana wasa wuƙa. Na ce, "Ka ji?" Ya ƙara rediyo.

A Rano muka karya kusa da tasha, duwatsun garin suna kanmu. Kokon ya yi daɗi, ƙosan ne ya ƙanƙance, sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an zo. 'Yan acaɓa suka kewaye motar, wani ya ce, "Alhaji, wannan a kafaɗa za ka tsallakar da ita kwalbati?" Aka yi dariya. Na tsuguna na shafa tayar baya, ta yi zafi, baƙin gari ya biyo hannuna.

A Kibiya muka tarar da mutanen jam'iyya uku a ƙofar ofis, cikinsu har da wani shugaba mai tumbi. Ka san mu, ba a ganin mota za ta ƙauye a ce babu wuri. Aka kawo buhun shinkafa biyu na gaisuwa aka cusa a but. Biyu suka nannaɗe manyan riguna suka kutsa baya. Saura shugaba. Yaron ya sunkuyo ta tagata, bai kalli idona ba, ya ce, "Ka biyo mu a babur." Na fito, shugaba ya zauna a gurbina. Na ga bodi ya zauna a kan taya, ko takarda ba za ta wuce ba. Na buɗe baki, ya ja mota.

Na zauna a gindin darbejiya na sha furar wata Bafillatana, babu wanda ya ce min daga ina. Can na samu babur. Hanyar burji ce, damina ta gama cinye ta. Ba mu yi nisa ba na hango jar mota ta karkace. Fenda ta yanka gefen tayar baya zagaye guda, kamar an fere rake. Shugaba yana fifita da hula ya ce, "Wane ne wannan?" A nan yaron ya faɗi abin da na gaya muku, ya ƙara da cewa, "Shi ya ɗaura tayoyin, aikin masu faci ke nan."

Na sauka daga babur. Na sa aka sauke buhuna, na kwanta a jar ƙasa da shaddata, na ɗaura safaya. Suka juya Kibiya neman wata motar. Ni na ƙarasa Fassi.

Gidanmu ya zama kango, an shuka kuɓewa a inda ɗakin mahaifiyarmu yake. A maƙabarta ciyawa ta kai gwiwa, kaburbura sun shafe. Na zaga sau biyu ban gane nata ba. Na tsaya a tsakiya na yi wa kowa addu'a. Na so in gaya mata ɗanta ya zama mutum, maganar ta kasa fitowa.

Motar haya na hawo daga Rano, mu huɗu a baya da kwandon kaji. Kafin magariba ina ɗakina bayan rumfa, na jiƙa shadda a bokiti. Abin da na koyo ɗaya ne: taya da mutum duk ba a auna su sai an ɗora musu kaya. Shekara ashirin ina auna yaron nan ba kowa a kansa.

Ran Talata yaron ya zo, motar tana ɗingishi a kan safaya. Ya tsaya yana juya makulli a yatsa, ya ce, "Kawu, tsofaffin wilin nan suna nan?"

Na goge hannu na ce, "Suna nan, na wanke su. Mai faci zai ɗaura maka yanzu, yatsu uku za su shiga. Kawunka kuwa a Kibiya ka sauke shi. In kana nemansa, ka tara mutanen nan uku, ka ɗauko shi a gabansu."