Ranar da na tare motar likita da rawanina

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu daga Omdurman, abokina mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya kamu da taɓin hankali. Barci ya ƙaurace masa, sai surutu shi kaɗai. 'Yan'uwansa suka kai shi gidan malamin unguwarmu a Dar Salam, aka sa masa mari. Malam ya ce likitoci ba su san aljani ba. Likitan asibitin unguwa kuma ya ce ba ya taka gidan da ake ɗaure mutum. Mai garejin da abokina ke wa aiki har ya fara cigiyar wanda zai maye gurbinsa.

Ni karatuna bai wuce gane lambar bas ba, ita ma wani lokaci a juye. Amma na san ɗan Sudan ba ya tsallake tabarmar buɗa-baki da azumi. Kullum a bakin titi muke shimfiɗa tamu, malam na can gefe. Na gayyato mai gareji. Dab da magariba na hango motar likita, na warware rawanina, maƙwabcina ya kama ɗaya bakin, muka datse hanya.

"Ya hajj, sauri nake!" in ji likita.

"Na rantse da igiyar aurena sai ka sauko. Za ka raba ni da uwargidana a kan loma biyu, ya daktor?"

Ya sauko. Na cusa shi tsakanin malam da mai gareji, kwano ɗaya na asida, tuwon Sudan. Ina ɗauko zancen abokina malam ya harare ni, sannan ya dubi likita.

"Ƙwayarku tana korar aljani?"

"Barci take sawa, ya shehi. Ka ji da aljanin, ka bar mini barcin. Amma a cire marin."

Malam ya daɗe yana tauna dabino ɗaya. Can ya ce shi da hannunsa zai riƙa ba abokina ƙwayar bayan isha'i, da addu'a. Mai gareji ya ce gurbin abokina na nan, ya fara da rabin yini.

Washegari aka cire marin. Daga baya har wasu masu irin ciwon malam ya riƙa tura wa likita.

Yau ina wannan alfaharin ba kunya. Ban san magani ba, ban san rubutu ba, zaunar da mutane kawai na yi. Azumin da ya biyo baya kuwa, abokina ne ya riƙe mini ɗaya bakin rawanin.