Zuwa Samaru da Hannun Rigar Malam

Ana sallame Asuba muka fito daga Dogarawa, ni da maigidana Malam, za mu asibiti a Samaru. Kwana uku yana dafe ƙirji in ya yi 'yar tafiya, yana ce min gajiya ce. Na ce to, gajiyar ma likita zai gani.

A Kwangila muka sauya keke. Kuɗin ya ƙaru, ramukan hanya ba su ragu ba. Mai ƙosai na ƙarƙashin gada ta fara suya, ƙamshi har cikin keke, na hana Malam ko ɗaya. Ɗalibai biyu suka shigo suna zuba Turanci da Hausa a haɗe. Ni da na shiga aji ina da jika, na tsinci rabi.

Shekara shida Malam na zuwa awon hawan jini, bai taɓa naɗe hannun riga ba. A kan rigar ake ɗaura masa abin awon. Gwiwar hannunsa da bayansa duk tabo ne mai kauri, yana ɓarewa fari kamar ɓawon kifi, shi kuma kunya yake ji. Wai wannan ciwon fata ne, ba ruwan likitan jini da shi.

Wannan karon na bi shi har cikin ofishin likita. Na ce, "Malam, naɗe."

Ya harare ni. Na naɗe masa da kaina.

Likitar ta daɗe tana dubawa. Ta ce sunan cutar soriyasis, ba a ɗauka a jikin wani, amma kumburin da ke cin fatar yana iya taɓa jijiyoyin jini, ga mai hawan jini kuma nauyi ne biyu a kan zuciya. Na zazzage mata ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da yake saya a kasuwar Sabon Gari, na karanta mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta ture biyu gefe, ta ce su ma suna ɗaga jini. Aka yi masa awon zuciya, aka haɗa shi da likitan fata.

La'asar muka iso gida.

Abin da na koyo, jiki guda ne, kuma namiji zai iya ɓoye abin da zai kashe shi don kada a ga tabo. Yau kwana huɗu yana fushi, wai na tona masa asiri, amma yana shan magani a kan lokaci. Fushinsa zan iya ɗauka. Takaba ce ban shirya ba.