Baba Ƙasan Buhu Ya Ajiye Ƙarfensa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Ƙasan Buhu a gida ba. Zai shigo ofishin duba ingancin taki, ya goge dogon ƙarfensa mai rami kamar bututu, ya ɗebi ledojin samfuri, ya nufi shagunan dillalai. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan, don bai taɓa yarda ya soki buhun sama ba. Sai an sauke kaya, ya durƙusa, ya soki na can ƙasa.

"Mai ha'inci a sama yake jera na kirki," in ji shi kullum. "Mai yashin yana ƙasa."

Gwiwoyinsa dai sun ji jiki. Matarsa kan tsokane shi, wai ya durƙusa wa buhu fiye da yadda ya durƙusa wa iyayenta.

Dillalai da dama sun gurfana gaban alƙali saboda ƙarfen nan, amma shari'ar da ba za mu manta ba ita ce ta ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Manoma suka kawo ƙara, masararsu ta yi rawaya ta ƙi tashi, kuma a shagon ƙanen suka sayi taki. Shugaban ofis ya ce a tura wani. Baba ya ce layin shagunan nan nasa ne.

Leburorin shagon sun shaida abin da ya faru. Ƙanen ya tsaya gaban buhunan ya ce, "Haba Yaya, ni ma?"

"Matsa mini, ƙanena. A sauke."

Ɗakin gwaji ya ce kusan rabi yashi ne. Baba ya ba da shaida a kotu, bai rage ko kalma ba. Aka ɗaure ƙanen wata tara. Ya fito, shekara huɗu ko gaisuwa babu. Abin ya ci Baba a rai, mun gani, ya rame, amma ranar aiki ba ta taɓa wuce shi ba.

Kai ne, Baba, wanda manomi bai san fuskarka ba, alhali yana cin albarkacin gwiwarka. Mai gaskiya ko da a gida!

Makon jiya muka taru a harabar ofis don bikin sallamarsa, ya yi ritaya. Ana cikin jawabai sai ga ƙanen, da buhun taki a kafaɗa. Ya dire shi gaban yayansa.

"Na sake samun lasisi, Yaya. Na can ƙasa na ɗauko. Soka."

Baba ya dafa kujera, ya durƙusa da ƙyar, ya soka, ya ɗaure leda, ya miƙa wa ma'aikaciyar da ta gaje shi a aikin.

"Kai ɗakin gwaji. Ido ba ya gwada taki."

"Wallahi ba ka canza ba," in ji ƙanen, yana dariya yana hawaye. Shi ya kama hannunsa ya tashe shi.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya saka maka da alheri. Ku kuma da ƙarfen ya dawo hannunku, kada ku ji ƙyuyar durƙuso. A sauke kaya, a soki na ƙasa.