Ƙofar da take buɗewa idan na taɓa ta

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina jin nauyin a ce mutum mai furfura ya zauna yana ba da labarin ƙofar mota. Amma abin ya hana ni sukuni wata uku ke nan, shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

Ni mahauci ne a kasuwar Dembe. Babur nake hawa tun ina saurayi. Yayana, wanda yake fataucin shanu, shi ne mai mota. Da ciwon ƙoda ya matsa masa aka ce sai an fita da shi waje a yi masa aiki, ya kira ni gidansa a Sabangali ya miƙo mini makullin. Ya ce, "Ga amana. Ka riƙa kai iyali inda za su, ka riƙa tayar da ita kada batir ya mutu." Na karɓa da hannu biyu.

Makullin ba irin wanda na sani ba ne. Ba shi da haƙora, wani ɗan baƙin abu ne kamar akwatin ashana, mutanen gari suna ce masa telekomand. Ba a zura shi ko'ina, a aljihu yake zama.

Ni kuwa ina da wani hali tun ina yaro. Idan na sa wa rumfata kwaɗo sai na ja shi sau uku, wani lokaci in kai bakin titi in dawo in sake ja. Ranar farko da na ajiye motar a Dembe na danna telekomand, ta yi ƙyat, fitilu suka ƙifta. Na kama hannun ƙofa don in tabbatar. Ta buɗe. Na rufe, na danna, na ja. Ta sake buɗewa. Na yi haka har sau bakwai, gumi yana zuba a ƙeyata, masu klando, wato baburan haya, da ke jiran fasinja suna kallona suna dariya.

Na kai ta wurin wani makanike. Ya saurare ni yana goge hannu, ya ce, "Malam, ina makullin yake lokacin da kake ja?"

Na ce, "A aljihuna mana."

Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "To ai ta san ka ne! Kana taɓa ta da makulli a jikinka, za ta buɗe maka. Ba ta lalace ba, ladabi ne ya yi mata yawa."

"To yaya zan san ta kullu?"

"Ka danna ka yi tafiyarka, kalas, shi ke nan. Sai ka yarda da ita."

Wannan ne abin da ban iya ba. Sai na ƙirƙiro dabara. In kulle, in tafi rumfa in ajiye makullin ƙarƙashin sikeli, in dawo hannu wofi in ja ƙofar. A haka takan tsaya gam, hankalina ya kwanta. Amma wata rana na ja da ƙarfi fiye da kima, sai ta fasa ihu, fitilu suna walƙiya, makullin yana can rumfa. Kafin in je in dawo mutane sun taru, wata mai sayar da kuɓewa tana nuna ni tana cewa ta daɗe tana ganin ina zagaya motar nan. Da ƙyar abokan sana'a suka fitar da ni. Daga ranar na daina gwadawa. Nakan danna, in juya baya, in tafi zuciyata tana can.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. A jikin madubin motar akwai wani carbi na kakanmu, wanda ya taso daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan ya zauna. Baƙin itace ne, 'ya'yansa sun sha hannu har suna sheƙi. Babanmu ya bar wa Yaya shi. Wata Asabar na sauke matar Yaya a wajen masu tukwane na Gawi, na jira ta a inuwa nesa da motar. Muna dawowa na ɗaga ido zan duba baya, sai na ga madubi babu komai.

Na ce, "Matar Yaya, ke kika cire carbin nan?"

Ta ce, "Wane carbi? Kai dai ƙanin miji, kullum da abin da zai hana ka cin tuwo. Wataƙila ma mai shi ya tafi da abinsa."

Wataƙila. Na zauna na yi ta ƙoƙarin tuno ranar da aka ba ni motar, ko yana lilo a wurin ko babu. Wani lokaci ina ganinsa sarai, wani lokaci ina ganin madubin wayam. Ranar Gawi ma ban iya rantsuwa cewa na danna ba, domin ina taya ta sauke kaya. Da muka dawo na taɓa ƙofa ta buɗe, amma ai ko a kulle take haka za ta yi mini.

Ban tambayi Yaya a waya ba. Mutumin da aka yi wa aiki, ba na so in ɗora masa wannan, kuma idan bai tafi da shi ba, tambayar kanta ta gaya masa komai. An ce zai dawo bayan sati biyu. Idan sakacina ne, ina so in faɗa masa da bakina a ranar da ya sauka, kafin ya ɗaga ido ya gani.

Makaniken ya ce wasu motocin sukan kulle kansu idan mai makulli ya yi nisa, wasu ba sa yi, kuma bai san ta Yaya ba. Na so in gwada, sai dai ina tsoron ihun nan. Don Allah, wanda ya san irin waɗannan motoci ya sanar da ni: idan mutum ya manta bai danna ba ya yi nisa kamar taku hamsin, tana kulle kanta? Kuma akwai inda take ajiye lokacin da aka buɗe ta, wanda mai na'ura zai iya dubawa? Rumfata tana layin mahauta a Dembe, ku tambayi mai jan kwaɗo sau uku, kowa zai nuna muku.