Mba Ziblim, Mai Sharar Hubbaren Kan Tudu

In ka wuce Kasalgu ka bar gidajen ƙarshe a baya, za ka hango wani tudun jan dutse da ɗan farin ɗaki a ƙolinsa. Hubbaren Shehu ke nan, malamin da kakanninmu suka durƙusa gabansa suka yi karatu. Mutanen Tamale na girmama wurin, amma daga nesa. Ko shanu in sun iso gindin tudun sukan bar cin ciyawa su ɗaga kai.

Mba Ziblim (Mba, wato Baba a yaren garin) kaɗai ke hawa kullum. Da gari ya waye zai ɗauki tsintsiya da buta, ya cire takalmi tun daga ƙasa. A bakin ƙofa yakan yi sallama, ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya shiga. Ya share, ya yayyafa ruwa, ya kori jemagu, ya toshe inda damina ta zaizaye. Tun yana da baƙin gemu yake wannan aiki, ba wanda ya sa shi. Mai ziyarar da ya miƙa hannu zai ɗebi ƙasar kabari, sai ya ji Mba Ziblim ya riƙe masa wuyan hannu a hankali: "Yi masa addu'a, ɗan'uwa. Roƙo kuwa, Allah ake roƙa."

Shekarar da masu haƙar tsakuwa suka zo da katafila suka fara cin gefen tudun, bangon hubbaren ya tsage. Mba Ziblim ya je wajensu ya yi magana, suka ce masa to, suka ci gaba. Ran nan da tsakar rana, iska ta ɗauke, tsuntsaye suka yi tsit, sai bakin katafila ya ɗago ƙasa, ƙasusuwa suka zubo. Ba na mutum ɗaya ba ne. Ashe almajiran Shehu na kwance jere a gindin malaminsu, duniya ta manta da su.

Awal direba ya kashe injin ya diro, leburori suka watse ko waiwaye babu. Shi dai Awal ya koma gindin kaɗanya ya zauna. Nan ya ga tsohon na gangarowa da farin ƙyalle a kafaɗa.

"Mba, kada ka shiga!" ya ce. "Wallahi ramin nan akwai sanyi kamar randa."

"Ɗana, kai ka yaye musu mayafi," in ji Mba Ziblim. "Ai dole su ji sanyi. Taso ka riƙe min bakin ƙyallen."

Kadiatu mai nono, wadda rugarsu ke kusa, tana tsaye da ƙwarya a ka. Har yau tana ba da labarin. "Na ji shi ya yi sallama a bakin rami," in ji ta. "Kuma an amsa. Ba Awal ba ne, bakinsa a rufe yake. Muryoyi da yawa, ƙasa-ƙasa, kamar sahun masallaci."

Mba Ziblim bai taɓa cewa ya ji ba, bai kuma ce bai ji ba. Ya shiga ya riƙa tsintar ƙasusuwan da hannu, yana kakkaɓe musu ƙasa, yana naɗewa, Awal na riƙe da ƙyalle yana kuka. Kafin la'asar sakaliya sun mayar da su, fuska ga alƙibla. Washegari tsohon ya shimfiɗa buzunsa a bakin wurin ya zauna. Haka ya yini, haka ya sake yini, har dattawan unguwa suka ji kunya suka zo suka zauna tare da shi. Katafilar ta juya, ba ta sake dawowa ba.

Kai ne, Mba Ziblim, maƙwabcin waɗanda ba su da bakin godiya. Kai ne ka tsaya ranar da masu ƙarfi suka ruga. Ba ka yi wa'azi a lasifika ba, ba a rubuta sunanka a bango ba.

Bana gwiwar Mba Ziblim ta ƙi hawa. 'Yarsa Mubarika ta ɗauke shi zuwa gidanta a Gurugu. Na same shi a zaure na tambaye shi ko ya taɓa jin tsoro a can sama.

"Kullum," ya ce. "Har ranar ƙarshe gabana na faɗuwa a bakin ƙofar."

"To me ya sa ba ka bari ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "In na bari, wa zai je?"

Mun gode, Mba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya naka makwancin in lokaci ya yi. Ku kuwa jama'ar Tamale, masu lafiyar gwiwa, tambayar tsohon nan ba ni kaɗai ya yi wa ba. Tun da ya sauko ba wanda ya hau, ga damina ta kusa.